Farar magen Hajiya Saudatu

Bayan rasuwar mijinta, 'ya'yan Hajiya Saudatu suka ɗauke ta daga tsohon gidansu na unguwar Tandabawi, suka kama mata shigga, wato ɗakunan haya, a wani bene a unguwar Zahir, cikin Larabawa, kusa da 'yarta Jawahir. Gidan sabo ne fes, ga lif, ga na'urar sanyi, sai dai babu maƙwabciyar da za ta leƙo ta gaishe ta da Hausa. Tsohuwa ta koma zaman shiru. In an tambaye ta lafiya ta ce alhamdulillahi, shi ke nan.

Abin ya dami babban ɗanta, Abdulganiyyu, wanda ke kula da direbobin bas a tashar Kudai, ba ya samun zuwa sai jefi-jefi. Shi ya tuna yadda take tara wa magunan unguwa sauran abinci a tsohon gida, ya ce a samo mata 'yar mage.

"Ai kuwa ta zo daidai, Yaya," in ji Jawahir. "Magen ƙawata Manal ta haihu. Cikin yara suka buɗe ido, sun saba da hannu, an kai su wurin likita. Ta ce dai a bari su ƙara 'yan makonni a gindin uwarsu."

Ya je gidan Manal ya gan su. Wata mai ruwan toka ta taho da gudu ta kama wandonsa, ta haye cinyarsa tana wasa da carbinsa. Idonta tar, gashinta sumul. Amma shi gani ya yi ba ta da maraba da magunan da ke yawo a bakin kasuwa. Mahaifiyarsa guda, a ce wannan zai kai mata? Ga kuma jira.

A wayarsa ya ci karo da tallar wata fara sol, irin masu dogon gashi da ake kira Shirazi, idanunta shuɗaye. Ya kira mai ita, suka haɗu bayan la'asar a gefen wani gidan mai. Mutumin ya buɗe bayan mota ya jawo kwali.

"Ina uwarta?" Abdulganiyyu ya tambaya.

"Tana gida, da nisa."

"Wannan kwantsar fa a idonta?"

"Sanyin mota ne kawai, ya shaihi. Gobe za ta washe."

'Yar magen ba ta cika tafin hannu biyu ba. Cikinta ya ɗan kumbura, ta dunƙule a kusurwar kwalin, ko da ya kaɗa mata makulli ba ta ɗago ba. Duk ya gani da idonsa. Sai ya ce wa kansa ai natsuwa ce, irin wadda ta dace da tsohuwa. Ya karɓa, bai ko shawarci Jawahir ba.

Da Hajiya ta buɗe kwalin, sai da ta dafe ƙirji. "Masha Allah! Wannan tawa ce?" Rabon da ya ga haƙoranta a waje tun mahaifinsu na da rai. Nan take ta raɗa mata suna Lulu.

Ana sauke Lulu ta shige ƙarƙashin kujera. Ko ƙofa aka rufe sai ta firgita. Hajiya, da ciwon gwiwarta, ta zauna dirshan a ƙasa tana lallashinta, tana tura mata abinci a murfin roba. Ta soma kiran ɗanta a waya yana wurin aiki. "Abdu, yau ta lashi yatsana." "Abdu, ta leƙo ta kalle ni ina salla." Shi kuwa daɗi ya cika shi, har yana tsokanar Jawahir cewa zaɓinsa ya fi nata.

Ba a rufa mako ba sai ga zawo da amai. Ya ɗauki magen ya kai asibitin dabbobi, Hajiya ta ce ƙafarta ƙafarsa. Likitan ya duba baki, ya latsa ciki, ya girgiza kai.

"Wannan ba ta isa yaye ba aka raba ta da uwarta. Ga tsutsar ciki, ga kuma cutar da ke kama ƙananan maguna in an cunkusa su wuri ɗaya ba riga-kafi. Ka ga inda ta taso? Ka ga uwar?"

Da Larabci ya yi maganar, da sauri, Hajiya kuma hankalinta na kan magen, ba ta bi ba. Abdulganiyyu ya sunkuyar da kai ya ce a'a. Daga can ya fita ya kira lambar mai sayarwar, ya ji ta a kashe.

Aka yi mata ƙarin ruwa, aka ba su magani da sirinji. Hajiya ta ɗauki jinya kamar ta jariri. Ta naɗe ta a tsohon mayafinta, tana ɗiga mata ruwa a baki, tana goge mata ido da auduga. A kwanakin nan ne Lulu ta daina gudunta, don ba ta da ƙarfin gudun. Ranar wata Juma'a da hantsi ta cika a cinyar tsohuwar.

Da Abdulganiyyu ya iso ya tarar da ita zaune, mayafin na hannunta, Jawahir a gefe.

"Abdu," ta ce, "ko ni ce ban iya riƙo ba? Ko madarar da na ba ta ranar farko ce?"

"Wallahi Ummi ba ke ba ce. Da ciwonta na kawo ta. Na ga alamun tun a wurin saye, kyanta ne ya rufe mini ido."

"Kana faɗa ne don in ji sanyi."

Ya rantse, Jawahir ma ta sa baki, amma ya ga maganar ba ta shige ta ba.

Bayan kwana biyu ya kira Jawahir yana kame-kame, ya tambayi labarin magunan Manal. Ta ce an raba su duka, mai ruwan tokar tana gidan wani malamin makaranta, yaransa har faɗa suke a kan wanda za ta kwana wurinsa. Ba ta yi masa gori ba, shi kuwa da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi.

Ya ce wa Hajiya zai nemo wata, a karon nan daga gidan mutane, sai ya ga uwar, sai likita ya duba.

"A'a," ta ce. "Kada ka ƙara kawo mini abu mai rai. Zuciyata ba za ta ɗauka ba."

Ya tattara kwanon abincin da akwatin yashin da Lulu ke kashi a ciki da buhun abincinta da ko rabi ba a ci ba, ya sauka da su. Sun daɗe a bayan motarsa yana yawo da su tsakanin Zahir da Kudai, kafin ya miƙa wa mai gadin benen ya ce ya ba duk wanda ke da mage.