'Ya'yan Fari Talatin da Ɗaya

Roda ta dire littafinta a kan teburin Zakiyya da ƙarfi, har kofin shayi ya motsa.

"Yara ɗari biyu da tara na rubuta, Injiniya. Na'urarki kuma ta ce ɗari da saba'in da takwas. To ina sauran suka shiga?"

Zakiyya ta ɗago kai daga kwamfuta. Ƙarfe goma sha ɗaya ma bai cika ba. Ofishin nasu ɗaki biyu ne a Yelwa, saman wani shagon ɗinki, na wata ƙaramar ƙungiya da ke kai wa yaran rugage maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro duk damina. Roda ce nas ɗinsu. Shekara goma sha huɗu ke nan tana bin rugagen bayan gari, tana rubuta yara a waya, tana kuma rubutawa a littafi don ba ta yarda da waya ita kaɗai ba.

A da, kwana uku ake yi ana kwafe sunayen daga waya zuwa rumbun bayanai na ofis, ɗaya bayan ɗaya. Makon jiya ne Zakiyya ta ɗora wata manhaja da take kira mahaɗi, wadda ke kwaso sunayen da kanta ta zuba su a rumbu cikin minti biyu. Ba sayen ta aka yi ba. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta ta, suka bar rubutun a buɗe, kowa ya ɗauka, wanda ya ga kuskure ya gyara ya mayar. Yau ce rana ta farko da aka sa ta aiki na gaske.

Malam Ashiru, shugaban ofishin, ya leƙo daga ɗaya ɗakin da tabarau a goshi.

"Ƙarfe huɗu siton magani ke rufe karɓar jerin suna," in ji shi. "Abin da ke cikin jerin shi za su ɗaure mana, ba ƙari ko ƙwaya ɗaya. Gobe da asuba mota za ta tashi. Sista, kin tabbata ba ki ƙirga wasu sau biyu ba? Kwamfuta fa ba ta ƙarya."

"Ni ce ke ƙarya ke nan, Oga?"

"A'a, ban ce ba."

"Ka ce mana. Ka dai sa mata riga."

Zakiyya ta dubi lambobin biyu. Ta san abin da lissafin yake nufi: yara talatin da ɗaya za su ga mota ta zo ta koma ba a kira su ba, ga ruwa ya sauka, sauro ya yi yawa, wasu rugagen kuma kafin wata mai zuwa sun tashi.

Wayarta ta yi ƙara. Mahaifiyarta ce, muryar har Roda na ji.

"Ke, in za ki dawo ki biyo mini da citta."

"To, Dada."

Ta ajiye wayar ta koma kan aiki. Mahaɗin yana zuwa da gwaje-gwajensa, ƙananan jarrabawa da ake yi masa don a ga ko lafiyarsa ƙalau. In ya ci, layi ya fito kore, in ya faɗi ya fito ja. Ta sake kunna su gaba ɗaya. Kore, kore, kore, har ƙasa. Ta buɗe inda yake rubuta abin da ya aikata, ta bi a hankali da yatsa, sai ta ga wani layi: ya zubar da wasu sunaye don a ganinsa maimaici ne.

"Anti Roda, zauna nan. Ki karanto mini daga littafinki, ni kuma ina dubawa."

Roda ta ja kujera tana ƙunƙuni, ta lashi yatsa ta buɗe shafi. Rugar farko, Buba yana nan, Ladi tana nan, Sale yana nan.

"Ɗan fari, na Adama."

"Babu shi."

"Ɗan fari, na Hajjo."

"Babu."

"Ɗan fari, na Nenne."

"Wannan yana nan." Zakiyya ta dakata. "Anti, duk haka kika rubuta su? Ɗan fari?"

"To me zan rubuta?"

Malam Ashiru ya matso. "Yaran ba su da suna ne?"

Roda ta juyo ta dube shi. "Oga, ka je ruga ka tambayi mace sunan ɗanta na fari. Za ta kalli saniya, ta kalli sama, ta ja mayafi ta rufe baki. Mazan sun fita kiwo tun safe, sauran matan kuma dariya kawai suke mini. Ni kuma ina da yara hamsin a layi. Sai in sa Ɗan fari ko 'Yar fari, in rubuta sunan uwar a gefe. Ai na san kowa."

"Ranar haihuwa fa?" Zakiyya ta tambaya, amma ta riga ta san amsar.

"An ce mini daminar bara, ko shekarar da aka yi ambaliya. Wayar kuma ta ƙi wucewa sai an sa rana. Sai in sa ɗaya ga Janairu."

Zakiyya ta jingina da kujera. Yanzu abin ya fito fili. Waɗanda suka rubuta mahaɗin sun sa masa doka: in suna ɗaya ne, ranar haihuwa ɗaya, wuri ɗaya, to mutum ɗaya ne aka rubuta sau biyu, a bar guda a zubar da saura. A wajensu dokar daidai take. Ba su taɓa zama a tsakar gidan da uwa ke shekara ashirin da shida ba ta furta sunan 'yarta ba. Ita kuwa a irin gidan ta tashi, ita ce 'yar fari.

"Malam, Anti Roda ba ta yi kuskure ba," ta ce. "Ni ce na yi. Da na ɗora shi, na gwada shi da sunayen da ya zo da su, ban gwada shi da namu ba."

Malam Ashiru ya dubi agogo. "To ki shigar da su da hannu mana, mu huta."

"In ƙarfe uku ya yi ban gama ba, zan yi haka. Amma wata mai zuwa zai sake haɗiye su, ranar kuma wataƙila ba wanda ya zo da littafi."

Ba ta fara da gyara ba. Sabon gwaji ta rubuta tukuna: ta ƙirƙiro yara biyu da babu su a duniya, duka Ɗan fari, duka ɗaya ga Janairu, ruga ɗaya, uwa daban. Ta kunna. Layi ya fito ja.

"Kin ɓata shi!" in ji Roda.

"A'a, Anti. Yanzu ne ya amsa laifinsa."

Ta tashi ta yi azahar. Da ta dawo ta tarar Roda ta sauka ta sayo waina a bakin titi, ta ajiye mata a leda kusa da kwamfuta. Da hannun dama Zakiyya take ci, da na hagu take latsawa. Ta cire dokar nan gaba ɗaya, ta sake kwaso sunayen.

Ɗari biyu da goma sha huɗu.

"Yanzu kuma sun haihu," in ji Malam Ashiru daga bakin ƙofa.

Roda ta sosa kai. "Akwai ranar da netwok ya ƙi, a wajen dutsen nan. Na danna tura, na sake dannawa. Ina jin har sau biyar."

Zakiyya ta yi dariya a hankali. Ashe dokar tana da amfaninta, ba jefar da ita za a yi ba. Ta mayar da ita, sannan ta ƙara mata ido ɗaya: kafin ta ce yara biyu mutum ɗaya ne, ta duba sunan uwa. NEPA ta ɗauke wuta ana cikin haka, fanka ta tsaya, zufa na ɗiga daga haɓarta. Ba ta ko ɗago ba. Ta gyara, ta kunna gwaji, wani tsohon layi ya yi ja. Ta koma ta karanta rubutun mutanen nan a nutse, kamar mai karanta wasiƙar babba, ta gano inda ta taka musu, ta sake gyarawa.

Uku saura kwata, komai ya yi kore. Ta kwaso sunayen.

"Ɗari biyu da tara," ta ce.

Roda ba ta yarda ba sai da ta bi da yatsa ta ga na Adama da na Hajjo da idonta. Malam Ashiru ya tura wa sito jerin, ya tsaya yana gyara tabarau.

"Sista, a yi haƙuri."

"Ba komai, Oga. Ai kwamfuta ba ta ƙarya."

Roda ta ɗauki jakarta, sai ta ga Zakiyya ba ta da niyyar tashi.

"Me kuma ya rage?"

"Zan mayar musu da gyaran."

"Wa ya sa ki?"

"Ba kowa. Su ma ba wanda ya sa su su ba ni. Kuma ba mu kaɗai ke da rugage ba, Anti."

Ta tattara gyaran da gwajin, ta tabbatar ba sunan yaron kowa na gaske a ciki, ta tura wa masu kula da mahaɗin. A ƙasa ta yi bayani da Turanci, gajere. Ta ce a wajenmu akwai iyaye mata da ba sa faɗin sunan ɗansu na fari. Ba mantuwa ba ce, ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma su a wurinsu girmamawa ce. Ta ce yaran suna da suna, uwar ce kawai ba za a ji shi a bakinta ba.

Tana cikin keke, an kusa unguwar Ɗan Iya, ƙullin citta a cinyarta, amsa ta shigo. Wata mata ce mai suna Felicia, daga ƙasar da yanzu ne hantsi ya yi musu. Ta ce shekara shida tana kula da wannan dokar ba ta taɓa sanin tana zubar da yara ba. Ta karɓi gyaran, ta kuma sa sunan Zakiyya a jerin waɗanda suka sa hannu a aikin.

Dada na tsakar gida a kan tabarma tana dama fura. Zakiyya ta durƙusa ta gaishe ta, ta miƙa cittar, sannan ta miƙa wayar.

"Dada, kin ga nan? Sunana ne. Duk wanda ya ɗauki abin nan a duniya zai gan shi."

Dada ba ta karatun boko. Ta goge hannu, ta riƙe wayar nesa da fuska ta daɗe tana kallo, Zakiyya na ba ta labari tun daga littafin Roda.

"Yaran za su samu maganin?"

"Gobe, in Allah ya yarda. Dukansu."

Dada ta gyaɗa kai. Can sai ta ɗaga murya ta kan katanga.

"Salma! Zo ki ga abin da yarinyar nan ta yi. Har Turawa sun rubuta ta."

Maƙwabciyar ta shigo tana ɗaura ɗankwali, da murmushin tsokana a bakinta, don shekara ashirin ke nan tana wannan tambayar.

"Wace yarinya, Dada? 'Ya'yanki mata huɗu ne. Faɗi sunanta mu ji."

Dada ta kalli ƙwaryar fura, ta kalli sama. Ta ja mayafi ta rufe baki, ta nuna Zakiyya da haɓa. Wayar dai ba ta sake ta ba.