Gwajin Maliki a Kan Tungar Maje

Shekarar da ƙaramar hukuma ta sayo jirgin ruwa mai inji don kwaso marasa lafiya daga tsibiran tabkin Kainji zuwa asibitin Yelwa, jirgin ya yi damina guda ɗaure a bakin ruwan Warra. Doka ta ce sai mai takardar makarantar tuƙi zai riƙa shi, masu irin wannan takarda kuwa babu wanda ya yarda ya zauna Warra. Daga baya umarni ya zo daga Sakkwato cewa duk wanda ya iya, a gwada shi a kan ruwa, in ya ci a ba shi lasin daidai da na ɗan makaranta.

Kowa ya ce Maliki. Tun yana saurayi yake sana'ar fito, yana ƙetarar da mutane a kwale-kwale, kuma ya daɗe yana tuƙa jirgin injin wani ɗan kasuwa. Amma ya ce ba ya so. Hanyar asibiti mafi kusa ta kan Tungar Maje take bi, garinsu na haihuwa, wanda ruwa ya shanye lokacin da aka datse kogi. Gidansu yana can ƙasa, da masallaci, da kabarin mahaifiyarsa. Tun tashinsu bai sake bi ta wurin ba, gara ya yi zagaye mai nisa.

Matarsa Tamada ce ta karya shi. 'Yarsu Umma ta rasu bara a cikin kwale-kwale tana naƙuda, ana tuƙa ta da hannu, ba a ko hango Yelwa ba.

"Malam," in ji ta, tana tankaɗe ba ta dube shi ba, "da jirgin nan na tafiya bara, da yanzu ina goyon jika."

Washegari Maliki ya je ya ba da sunansa.

Mai gwajin wani ma'aikaci ne daga Sakkwato, Malam Yakubu, mutum mai sanyin magana. Ya sa Maliki ya kwance injin ya mayar, ya sa shi ya ja da baya, ya tsaya a gaɓa ba tare da ya bugi dutse ba. Da rana ta take ya ce, "To, kai ni hanyar da za ka riƙa bi da marasa lafiya."

Suka miƙa. Ruwa kwance lumui, babu iska. Can suka fara ganin kawunan matattun itatuwa sun leƙo, baƙaƙe, tsuntsaye a kansu. Maliki ya gane tsamiyar ƙofar gari. Ya rage wuta, sannan ya kashe injin gaba ɗaya, jirgin ya ci gaba da sulalewa shi kaɗai.

"Lafiya?" Malam Yakubu ya tambaya.

"Garinmu na ƙarƙashinmu, ranka ya daɗe. Ban iya wucewa da hayaniya."

Daga ƙasan jirgin wani sauti yake tasowa, a hankali, ta cikin katako har tafin ƙafa. Lugude ne, taɓare biyu a turmi ɗaya, ɗaya na sauka ɗaya na tashi. Malam Yakubu ya waiga gabas da yamma. Babu tsibiri kusa, babu hayaƙin girki, ruwa ne kawai har iyakar gani.

"Wa ke daka a wanga wuri?" ya ce da ƙaramar murya.

Shekara da shekaru Maliki yana jin dakan nan a kansa in ya matso kusa, yana cewa kewa ce. Bai taɓa zaton kunnen baƙo zai ji ba.

"Inna ce da ƙanwarta," ya ce. "Haka suke yi in azahar ta gabato."

Malam Yakubu ya yi salati. Ya riƙe gefen jirgin da hannu biyu, ya ce, "Malam Maliki, in mace na kwance nan tana zubar da jini, za ka tsaya?"

Maliki ya ja igiyar injin, ƙararsa ta rufe komai. Ya ratsa tsakanin kututturan, ta inda lungun gidansu yake a da, hawaye na bin gemunsa, har suka fita sarari. Kafin la'asar Malam Yakubu ya sa hannu a takardar lasin. Bai kwana Warra ba, ko abincin da aka kawo masa bai taɓa ba.

Maliki ya kama aiki. Ya kai masu naƙuda, da waɗanda maciji ya sara, da yara masu ƙyanda, kuma da yawansu sun dawo da ƙafarsu. Bai sake kashe inji a kan Tungar Maje ba. Tamada ta lura dai ranar da ya bi ta can ba ya iya shan fura.

Wata rana aka ɗauko masa Asabe, tsohuwar da suka yi maƙwabtaka a tsohon gari, zazzaɓi ya kwantar da ita har ba ta gane 'ya'yanta. Suna isa wurin itatuwan ta tashi zaune da kanta, idonta tar.

"Maliki, ɗan Indo," ta ce, "sauke ni nan. Ga su can ƙofar gida suna jirana."

"Asibiti za mu, Gwaggo."

"Na ce ka sauke ni. Ashe ba ka da kunya?"

Ta kai ƙafa bakin jirgin, ɗanta ya rungume ta. Maliki ya ƙara wuta. Tana kuka tana kiran sunayen mutanen da Maliki kaɗai ya sani a cikin jirgin, har muryarta ta dushe.

Asabe ta warke. Da aka sallame ta, ta ƙi shiga jirginsa, sai a mota aka zagaya da ita. Ta ƙara shekaru a duniya, kuma duk inda suka haɗu, ko a gidan suna ko a wurin gaisuwar mutuwa, in ya durƙusa ya gaishe ta sai ta juya masa baya.