Haƙora Bakwai a Cikin Akwati

Mijina Kitione shi ne bakin sarki a ƙauyenmu, kamar yadda ubansa da kakansa suka kasance. Sarkin namu, Ratu Semesa, ba ya magana a taro. In yana da abin faɗa sai ya raɗa wa Kitione, shi kuma ya gyara zama ya isar wa jama'a. To mutumin da bakinsa ne sana'arsa, ai ka ce zai kula da bakin nan. Ina!

Ƙwallon zari-ruga ta ɗauke masa haƙora biyu tun yana saurayi. Sauran kuwa shayi ne ya cinye su, cokali biyar na sukari a kofi guda, in na yi magana ya ce ina masa rowa. Kafin ya cika sittin, ƙasan bakinsa saura fiƙa biyu da 'yan turame a can baya, kowanne nesa da ɗan'uwansa kamar waɗanda suka yi faɗa.

'Yarmu Torika, wadda ke aikin kula da tsofaffi a Ostareliya, ita ta ga dariyarsa a waya ta fashe da kuka. Ta ce lallai mu hau jirgin ruwa mu tafi Suva, babban birni, a yi masa na roba. Muka je. Likitar, Dakta Kamini, wata 'yar siririya mai gilashi, ta yi masa haƙora bakwai a jere, da 'yan ƙugiyoyin ƙarfe masu kama na gaskiyan. Da ta sa masa, ni kaina sai da na sake kallonsa. Shekara goma ta sauka daga fuskar mutumin nan.

Likitar ta ce, "Baba, ka saurare ni da kyau. Ƙashin muƙamuƙi aikinsa riƙe haƙori. In haƙorin ya tafi, sai ƙashin ya riƙa zaizayewa a hankali, kuma wannan robar ba za ta hana shi ba. Amma ka sa ta kullum don sauran haƙoran su tsaya a inda suke. In za ka kwanta ka cire. Duk shekara ka dawo in cike maka inda ya rage, in ba haka ba wata rana ba za ta zauna ba."

Kitione ya yi mata jawabin godiya na kwatan awa guda, har ya sa wa kakanninta na Indiya albarka. Amma ko kalma ɗaya daga cikin nata bai ji ba. Na daɗe da sanin mai sana'ar magana ba ya jin ta kowa, jira kawai yake ka rufe baki ya ɗora.

A jirgi ya yi wa kowa murmushi, har da buhunan shinkafa. Da muka iso gida na ɗora masa dafaffen rogo da kifi, sai na ga ya sa yatsu ya zare haƙoran.

Na ce, "Baban Torika, don cin abincin fa aka yi su."

Ya ce, "Maman Torika, anya kanki ɗaya? Abin da aka yi da gumin 'yarmu na Ostareliya zan tauna rogo da shi?"

Ya shafe su da man kwakwa, ya naɗe a ƙyallen ɓawon itace, ya buɗe akwatin gado ya kwantar da su kusa da tambuwa, haƙorin babban kifin nan na teku da muke neman aure da gafara da shi. Ba na ma ganin laifinsa shi kaɗai. Duk tsibirin nan an san haƙori mai daraja a akwati yake kwana, sai ranar babban sha'ani yake fitowa.

Shekara shida suna ciki. An yi bukukuwa, an yi jana'izu, an buɗe sabuwar majami'a, kullum sai ya ce wannan bai kai ba. Haƙoran kuwa suka yi suna fiye da mai su. Baƙo in ya zo sai an buɗe masa ya gani, ya tafa hannu. Fasto ma ya taɓa yi musu addu'a. Duk shekara in na tuna masa da maganar likita, sai ya ce, "Me za ta gyara? Ga su nan garau, ko ƙwarzane babu."

Su kam garau suke. Shi ne ke ƙarewa. Ina zaune gabansa kullum ina kallon haɓarsa tana hawa wajen hanci, leɓen ƙasa yana faɗawa ciki. Fiƙar hagu ta kwanta cikin giɓi, turmi ɗaya ya bi sauran. Jawabinsa ya koma kamar na mai gwaza da zafi a baki. Na sahun gaba suna goge fuska, na baya suna tafi a inda suka saba tafawa, don kowa ya haddace maganganun tun yana yaro.

Ga kuma Peniasi, ɗan ƙanensa, tsohon soja, haƙora talatin da biyu cif. Yaron nan ko a jana'iza sai ya nemi dalilin yin hamma don a ƙirga. Kullum yana zaune bayan kawunsa cikin ladabi, "Baba Babba, in kawo ruwa? Baba Babba, maƙogwaro lafiya?" Ni dai haushinsa nake ji, ba zan ɓoye ba.

Sai ga neman auren ɗan Ratu, a can ƙauyen tsallaken ruwa, gidan abokan wasanmu. Yaran sun riga sun gama maganarsu ta waya, har sun kama gida a Suva, amma dole a je da tambuwa a roƙa kamar ba a san amsa ba. Ana saura kwana uku Ratu ya zo gidanmu da kansa. Ina bayan labule ina kankare kwakwa, na rage hannu.

Ya ce, "Kitione, tare muka tashi. Amma dattawa sun dame ni. Ranar nan in mutanen tsallake ba su ji abin da muka zo da shi ba, Peniasi zai karɓa."

Kitione ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ranar da nake jira ke nan. Zan fito da su."

Na ce ya gwada su tun yanzu. Ya ce ba a taɓa abu mai daraja kafin ranarsa.

Ranar da safe ya yi wanka, ya ɗaura zanen taro, ya zauna gaban madubi ya warware ƙyallen. Ya sa. Suka ƙi. Ya juya su, ya danna, ƙugiya ɗaya ta kama iska, ɗayar ta tokare da fiƙar da ta kwanta. Da ya tura da ƙarfi suka zauna a karkace suna rawa a kan dasashi, kamar murfin da ba na tukunyar ba.

Ya ce, "An canja mini su."

Na ce, "Wa zai canja? Makullin a wuyanka yake kwana."

"To sun kumbura."

"Baban Torika, su suna nan yadda aka yi su. Bakin da aka auna ne babu shi."

Ya harare ni, amma sai tausayinsa ya kama ni. Ya ce in ɗauko filaya. Ya lanƙwasa ƙugiyar nan, ya miƙe waccan, ɗaya ta karye. Daga nan ya fita bayan gida ya sari bishiyar uto, ya taro farin ƙaron nan da muke liƙe kwalekwale da shi, ya dumbuza a ƙasan robar ya danna a baki. Suka zauna daram.

Na ce, "Yanzu kai jirgi ne?"

Ya ce, "Abin da ya hana teku shiga, yawu ne zai gagare shi?" Kuma, Allah na tuba, kowace kalma ta fito tas.

Muka tsallaka cikin kwalekwale uku. Aka shigar da mu babban ɗakin taro, maza a gaba kan tabarmi, mu mata a baya. Bakin sarkin tsallake, tsoho Apakuki, abokin wasan Kitione ne tun suna makaranta, kuma bai taɓa ganinsa bai tsokane shi ba. Yana hango farin haƙora ya ce, "A'a! Wa ya mutu ya bar maka gado?"

Kitione ya ce, "Kai dai ka buɗe kunne, yau za ka ji yadda ake magana."

Aka dama yangona, ruwan saiwar nan da ake sha a taro, aka zagaya da ƙoƙon kwakwa. Kitione ya tafa ya shanye nasa tas a ɗauka guda, yadda aka saba. Ina kallon ruwan yana wanke ƙaron.

Sannan ya durƙusa a tsakiyar tabarma, ya ɗauki tambuwa, haƙorin a hannun hagu, igiyarsa a dama, ya fara. Jama'a, na manta mijina yana da murya irin wannan. Ya jero kakannin gidan nan ɗaya bayan ɗaya, ya kira sunan tsaunukansu da mashiginsu na ruwa, ya ƙasƙantar da mu ya ɗaukaka su. Kowa ya kasa kunne. Hamma ta maƙale wa Peniasi. Ni kuwa hawaye nake yi, don muryar da ta roƙo ni ke nan shekara arba'in da suka wuce, kuma takaici ya cika ni da na tuna shekara shida tana kulle a akwati.

Ya zo daidai sunan yarinyar sai na ji ƙas. Ya ci gaba, ƙas, ƙas. Haƙoran suka ɗaga, suka leƙo ta saman leɓe. Ya mayar da harshe, suka sake fitowa, ƙugiyar da ta karye ta yanke shi, jini ya ɓullo a gefen baki. Hannu ɗaya kawai yake bukata ya danna su. Amma mai riƙe da tambuwa ba ya sakin ta, ba ya riƙe ta da hannu guda, ba ya ajiyewa sai an karɓa. Na ga idonsa ya sauka kan hannuwansa, ya ɗago. Bai saki ba.

Suka faɗo kan tabarma, suka mirgina sau biyu, suka tsaya gaban sarkin tsallake suna yi masa murmushi.

Ba a dariya a gaban tambuwa. Mutum ɗari da wani abu suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Wata tsohuwa kusa da ni ta cusa bakin zane a baki. Kitione kuwa ya ƙarasa jawabinsa har ƙarshe da bakin da Allah ya bar masa, iska da yawu da jini, bai tsallake layi ɗaya ba.

Apakuki ya matso a durƙushe ya karɓi tambuwa, ya sumbace ta, ya ce an ba mu yarinya. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki haƙoran, ya ɗaga sama da girmamawa, fuska a ɗaure.

Ya ce, "Kakanninmu ba su taɓa ganin karamci irin wannan ba. Mutane suna zuwa da abin da ke cikin akwatinsu, waɗannan sun haɗa har da na bakinsu. Mun karɓa."

Ɗaki ya ɗauki tafi. Ya zura su a aljihu. Abin da abokin wasa ya ɗauka kuwa ba a cewa ya dawo da shi, ko da alade ne, balle haƙori.

A hanyar dawowa ba wanda ya ce uffan, sai ƙarar inji. Na jiƙa ƙyalle na ba shi ya danna a leɓe. Na so in ce ai na faɗa maka, kalmar tana kan harshena, na haɗiye. Da muka iso, duk ƙauye yana bakin ruwa ana jiran labari. Ratu ya sauka, ya yafito Kitione ya yi masa raɗa a kunne. Ya daɗe yana raɗar, hannunsa a kafaɗar mijina.

Kitione ya gyaɗa kai. Ya gyara zane, ya fuskanci jama'a, ya faɗi saƙon sarki. Ni na ji, don shekara shida ina koyon bakin nan. Sauran kuwa wannan ba maganar da suka haddace ba ce, ba su san inda za su tafa ba. Suka miƙo wuya. Wani daga baya ya ce, "Me ya ce?"

Ya sake faɗa, a hankali, da dukkan ƙarfinsa. Aka dubi juna.

Sai ya juya ya dubi ɗan ƙanensa ya yi masa alama da kai. Peniasi ya matso, kuma a karon farko ban ga haƙoransa a waje don ado ba. Ya ce, "Baba Babba ya ce Ratu yana godiya, an ba mu yarinya. Ya ce kuma daga yau Kitione ya huta, Peniasi ne bakin sarki."

Kowa ya ji sarai, har masu ɗaure kwalekwale. Mijina ne ya fara tafawa.