Sada Ya Ɗaga Bayan Datsun

Sada ya saki jak, jar Datsun ɗin ta dira a kan tayoyinta. Ya danna bayanta da gwiwa, ta maido shi da ƙarfi, bai san sanda ya yi murmushi ba. Tun zamanin da unguwar Ka'akiyya take fili da duwatsu yake ɗaure sifirin a Makka. Ya ga shekarar ambaliya, ya ga shekarar kamen baƙi marasa takarda, mota ta taɓa faɗo masa a ƙirji ya tashi ya ƙarasa aikin. To tsohuwar mota mai kujera biyu ce za ta gagare shi?

Sai dai yau bayansa ciwo yake. Kuma Abdulbaƙi, mai garejin, wanda shi ne kafilinsa da ya tsaya masa a ƙasar, ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: idan mai motar nan ya janye ta zuwa Jidda, ba zai sabunta masa iƙama, takardar zama, ba, ya koma Maraɗi ya huta. Maraɗin da ba wanda zai gane shi a cikinta.

Bayan la'asar mai motar ya iso. Rakan ne, haihuwar unguwar Zahir, jikan wani alhajin Kano, Hausarsa duk ta jiƙe da Larabci. Motar ta marigayi mahaifinsa ce, yana son shiga tseren tsofaffin motoci da ita. Ya zagaya ta sau ɗaya ya tsaya.

"Ya ammi, baffana, me ya sami bayanta? Kamar jaki zai yi harbi."

"Gyara ya same shi," in ji Sada. "Na sa mata sifirin ɗin babbar motar nan Jims, na ƙara roba, na canza shokazoba. Tsaya ka gani."

Ya kinkimo jarkokin ruwa daga bakin famfo, yana nishi, ya jera su a but. Bayan motar ya sauko a hankali har ta daidaita cif.

"Ka gani? Haka nake yi wa motocin alhazai. Mutum tara, akwatuna, zamzam a sama, su je Madina su dawo taya ba ta taɓa jiki ba. Tambayi duk direban unguwar Mansur wane ne Sada."

Rakan ya cire tabarau ya murza ido.

"Ammi, a tsere ba a ɗaukar kaya. Ni kaɗai ne a ciki. So ake ta kwanta ƙasa, gaba da baya daidai. A haka in na shiga kwana, wallah bayanta zai riga gabanta fita."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

"Ku je ina?"

"Ba ko'ina. Zagayawa muke mu dawo inda muka tashi."

Sada ya dubi jarkokin. Rakan ya yi masa wannan bayani ranar da ya kawo ta, ya ji shi sama-sama, bai saurara ba, don shi dai a rayuwarsa ba a taɓa kawo masa mota a ce ya sauke ta ba.

Ana haka Abdulbaƙi ya fito daga ofis, waya a hannu, ya dubi motar ya dubi tsohon.

"Ya Rakan, in kira motar ɗauka ta kai maka ita Jidda? Na faɗa maka tun farko."

Rakan ya dubi Sada, wanda ya dafa murfin but, sannan ya juya ga Abdulbaƙi.

"La, a'a. Ni na ce ya gwada ta a sama tukuna, yanzu na canza ra'ayi. Ammi zai sauke min ita kafin Alhamis." Ya juyo wurin Sada, ya rage murya. "Yatsa biyu tsakanin taya da jiki, duka huɗun. Zan zo in zauna a ciki ka auna."

"Ka ji yaran yanzu," Sada ya ɗaga murya don Abdulbaƙi ya ji. "Yau sama, gobe ƙasa. Ba don ubanka ba da na kore ka."

"Ma'alesh, yi haƙuri, ammi."

Abdulbaƙi ya koma ofis. Rakan ya tafi.

Sada ya fitar da jarkokin ɗaya bayan ɗaya, bayan motar ya sake ɗagawa. Ya shimfiɗa kwali, ya dafa ƙofa, ya daɗe kafin gwiwarsa ta yarda ta lanƙwashe. Sannan ya shige ƙarƙashi da sifana, ya kama noti na farko, wanda da safe ya ɗaure shi yadda ba wani mahaluki a Makka da zai iya kwance shi.