Gwalon Alhaji Halilu

Zinariya ta manta rabon da ta yi barci mai daɗi. Ba munsharin mijinta, Alhaji Halilu direban tirela, ke damunta ba, wannan kam ta saba. Shirun da ke biyo baya ne. Sai ya ja kamar injin niƙa, ya ɗauke ɗif, ƙirji ya tsaya, har sai ta zungure shi da gwiwar hannu ya shaƙo iska. Da safe ya hau mota yana gyangyaɗi. Bara saura ƙiris ya afka rami a hanyar Parakou.

Asibiti suka ba shi na'ura mai hura iska a hanci, aka ɗan samu sa'ida. Ana shiga korona tiyon na'urar ya tsage, kuma kaf Cotonou ba a samu irinsa ba. Aka koma gidan jiya.

Hamsatou, wadda ke koya wa marasa lafiya motsa jiki a asibitin, ta daina zuwa gidaje, sai dai ta kira ta bidiyo. Fuskarta duk shatin takunkumi, idanu sun faɗa.

Ta ce, "Baba, harshenka ne ke faɗawa baya ya toshe maƙogwaro. Ƙarfafa shi za mu yi. Ka zaro shi waje iya ƙarfinka, ka riƙe, ka mayar. Safe da yamma, sai an yi watanni."

Alhaji ya dubi wayar, ya dubi matarsa.

"Ai gwalo ke nan, 'yar nan."

"Magani ne, Baba."

"Da furfurata? Duk Zongo ana gaishe ni, in zauna ina gwalo kamar maras kunya?" Ya miƙa wa Zinariya wayar.

Hamsatou ta murza ido. "Hajiya, ni dai na faɗa. Masu tari na jirana."

Lallashi babu irin wanda Zinariya ba ta yi ba, mutumin nan ko gezau. Ana haka mai mota ya aiko, akwai lodin shinkafa zuwa Malanville ran Asabar, tunda ba a hana motocin kaya fita ba.

Tana ninke masa riguna ta tsaya. "Alhaji, na gaji. Wallahi na gaji. A gida ni ke zungurar ka. A hanyar Malanville wa zai zungure ka?"

Alhaji ya miƙe. Ya ɗauki takunkuminsa ya fita.

Bayan la'asar ta kai masa shayi ƙofar gida. Yana zaune kan benci, ya rufe hanci da baki ruf, yana ɗaga wa masu zemijan, 'yan acaɓan garin, hannu cikin dattako. Sai ta ga takunkumin ya tasa a tsakiya, daidai saitin harshe, ya daɗe, ya koma. Can ya sake tasowa.

Dramane maƙwabci ya zo wucewa. "Alhaji, ko a ƙofar gida ba ka cirewa?"

"Doka ce," in ji Alhaji.

Dariya ta taso mata, hawaye suka riga ta. Ta ajiye kofin a gefensa.

Bai dube ta ba, ya ce, "Na ce a ba Idrissou direba lodin. Je ki kwanta."

Ta shiga, ta ture rigunan gefe, ta kwanta da mayafinta a jiki. Sai da aka tashe ta sallar magariba.