Ƙanƙara Ba Ta da Haƙori

Shekara goma sha huɗu ina sayar da ƙanƙara, amma sai da Auta ta shiga kwalejin horar da malamai na ji cewa wai akwai ƙasashen da ƙanƙara ke tafiya da kanta.

Auta ita ce ƙaramar 'yata. Bara ta faɗi gwajin koyarwa, wanda mai duba malamai ke zama a bayan aji da biro yana kallon mutum. Ta haddace darasin tsaf, ta zuba shi kamar an kunna famfo, mutumin ya rubuta cewa karantawa ta yi, ba koyarwa ba. Bana ce damarta ta ƙarshe. In ta sake faɗuwa babu takardar shaida, shekara uku sun bi ruwa. Darasin da ya faɗo mata kuwa shi ne yadda kogin ƙanƙara ke cin ƙasa.

Na ce, "Kogin me?"

"Na ƙanƙara, Inna. Taruwa take yi a kan tsauni shekara da shekaru, ta danne kanta ta zama dunƙule guda, nauyinta ya riƙa jan ta gangare. Wani kogin tafiyarsa a yini ba ta fi taku ɗaya ba."

"Ashe babanki ne, ranar da aka ce ya gyara ƙofar banɗaki."

Baban nata magini ne. Yana nan zaune a baranda yana kakkaɓe takalmin aiki, bai ko ɗago ba.

Auta ta ce wannan kogin yana ɓamɓarar duwatsu, yana niƙe su, yana haƙa kwari. Na ce mata, "'Yar nan, ni ƙanƙara a hannuna ta girma. Ba ta da haƙori. In ta haɗu da dutse, ita ce mai kuka."

Don ta ƙaryata ni, ta ɗauko dunƙule ɗaya daga firiza, sabo fes, ta yi ta goga shi a kan wani falalen dutse da babanta ya ajiye a tsakar gida. Ta goga har yatsunta suka sandare. Dutsen ya jiƙe, shi ke nan. Ta zauna a kan bokiti ta yi tagumi. Saura kwana biyu, kuma abin da ta yi niyyar nuna wa ɗalibai ya ƙi nunuwa. Na so a ce ban yi gaskiya ba.

Ana cikin haka mai lemo ya yi sallama da baronsa. Tun da bayana ya fara ciwo na daina ɗaukar manyan dunƙulen; a ƙasa nake ajiye su in tura da ƙafa daga bakin firiza har ƙofar gida. Na tura ɗaya, ya tafi yana ƙara kamar ana wasa wuƙa.

Auta ta ce, "Inna, tsaya."

Ta zo ta kifa dunƙulen. Gindinsa duk yashi ya manne. Sai ta durƙusa tana shafa daɓen. To, daɓen barandar nan yana da tarihi. Akwai wani kwari da ya bi tsakiyarsa tun daga firiza har ƙofa, sau uku maigidan yana cike shi, sau uku yana dawowa, kullum yana zagin sumuntin zamani. Auta ta bi shi da tafin hannu. Gindinsa mai faɗi ne, sumul, da ƙananan zane-zane duk sun fuskanci ƙofa. A bakin ƙofar kuma ga ɗan tarin yashin da nake sharewa kowace yamma.

Ta ce, "Baba, ba laifin sumunti ba ne. Yashin takalminka ne. Shi ne haƙorin."

Ya dubi takalmin, ya dube ni. Ya ce, "Yashina, ƙanƙarar uwarki. A raba laifin biyu."

Washegari ya haɗa mata dogon akwatin katako marar murfi, ya cika da jan yumɓu. Wannan aikin kam a yini ɗaya ya gama shi, na rubuta ranar. Ni kuma na zuba yashi da baƙar tsakuwa a gindin bokiti na cika da ruwa na sa a firiza. Tun da na fara sana'a ban taɓa ɓata ƙanƙara da gangan ba sai ranar.

Ni na kai mata dunƙulen makaranta a cikin kula, na tsaya jikin taga. An ce mai duba malamai zai zo ƙarfe tara. Malam Ƙugiya ake ce masa a bayan idonsa, don in ka rubuta baƙi mai ƙugiya ka manta ƙugiyar, ya fi jin zafinsa a kan ka taka masa ƙafa. Tara ta yi, aka buga ƙararrawa, babu shi. Auta ta jira, ƙanƙara ba ta jira ba. Da ta ga ta fara zufa, dole ta jingine akwatin a kan bulo, ta danna dunƙulen ta tura shi a hankali har kusa da ƙarshe, ɗalibai suna kallo.

Sai goma da rabi ya shigo. Abin da ya rage na ƙanƙarata bai kai ragowar sabulu ba. Ya dubi akwatin, ya dubi allo. Ashe tun da farko a gaggauce Auta ta rubuta KANKARA da manyan baƙaƙe, babu ƙugiya ko ɗaya.

Ya ce, "Malama, ƙanƙara kike koyarwa ko kankara? Ban ga ƙugiya ba, ban kuma ga ƙanƙara ba."

Na san haddar nan tana bakinta tana neman fita. Ta haɗiye ta.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙanƙarar ta tafi da ƙugiyarta. Kankarar da ta yi wa yumɓun ce ta rage. Wurare da yawa a duniya haka suke, an shekara dubbai da narkewa, sai dai a karanta sawu." Ta juya ga aji. "Malam bai ga tafiyarta ba. Wa zai gaya masa ta ina ta bi?"

Suka nuna masa zane-zanen da ke kwance a yumɓun, duk sun nufi gangare. Ta tambaye su me ya sa gindin kwarin ya yi faɗi kamar ƙwarya. Sai ta tsiyaya ruwan buta a gefe, ya yanka siririyar tsaga, suka ga bambancin aikin ruwa da na ƙanƙara da idonsu. Ta ɗaga baƙar tsakuwa ɗaya daga cikin jan yumɓu ta ce, wa ya kawo wannan baƙuwar, alhali ba danginta a nan? Suka amsa, ƙanƙara. A ƙarshen kwarin yashi ya taru ya yi ganuwa, ruwan narkewa ya kwanta a bayansa. Wata ɗaliba a bayan aji ta ce, "Tafki," tun ba a tambaye ta ba.

Malam Ƙugiya ya tashi, ya zo ya sa yatsa a cikin kwarin ya bi shi har ƙarshe. Ya goge yatsan da hankici, ya koma ya yi rubutu mai tsawo. Da zai fita ya miƙa mata alli.

"Kin koyar. Saka ƙugiyar, guda biyu ce."

Takardar shaidar tana rataye yanzu a saman firiza. Kwarin baranda kuwa yana nan, har ya ƙara zurfi. Jiya na yi tuntuɓe a cikinsa, na ce wa maigidan yaushe za a cike shi. Ya ce shi ba ya taɓa kayan koyarwa.