Rumfa ta Hamsin da Takwas

Masu ba da tallafi daga ƙasashen waje ba su bar komai ba a wannan karon. Sun aiko da akwatunan zaɓe na roba gani-har-hanji, da tawadar da ba ta fita a yatsa, da igiyoyin kulle masu lamba, har da wayoyi. An jibge kayan a babban sito, a hannun wani dattijo da kowa ke kira Mai Makulli.

Cikin direbobin da aka ɗauka don rarraba kayan akwai ɗan ƙanwarsa, wanda ake wa laƙabi da Birki don ba ya taka shi.

Jami'ar masu tallafin ta tara su ta faɗi doka. Kowane akwati a kai shi rumfarsa, a ɗauki hotonsa da wayar nan, ita kuwa wayar ta san inda mutum yake tsaye. Wanda ya karɓa ya dangwala yatsa a takarda.

Da aka watse, Mai Makulli ya ja Birki bayan kwalaye.

"Hamsin da takwas tana cikin layinka?"

"Tana ciki, Kawu."

"Je ka gaya mata."

"In ce me?"

"Ka ce ba kowa a can. Shekara shida da ruwa ya cinye garin. Waɗanda suka tsira sun watse, sauran ko gawarsu ba a gani ba."

"Takarda ta ce akwai gari. Ni wa, da zan ƙaryata takarda? In aka cire rumfar, layin ya gajarta, a haɗa shi da na wani. Kai za ka ciyar mini da yara?"

"Wancan zaɓen wa ya karɓi akwatin?"

Birki ya ɗaga babban yatsansa yana dariya. "Ga mai gari nan. A gindin wata bishiya na ajiye shi, na dangwala, na juyo."

Mai Makulli bai yi dariya ba. Akwatin nan na wancan zaɓen ya dawo sito a cike, a kulle, kuma bai taɓa sanin wanda ya kawo shi ba. Ya karɓa ya jera shi cikin sauran, ya ja bakinsa ya yi shiru. Wannan shirun ma laifi ne, kuma ya sani.

Wannan karon ba dama a tsaya a gindin bishiya, saboda wayar. Birki ya bar kwalta, ya bi tsohuwar hanya har ta ƙare a bakin makarantar firamare. Rana tsaka ce. Ba rufi a kan ajujuwan, shatin ruwa na nan a bango daidai wuyan mutum. Ya kashe mota, sai ya lura ba kukan tsuntsu, ba ko ƙuda.

An share ƙofar aji. Sawun tsintsiya na nan sabo. A ciki an jera benci biyu da tebur, yadda ake shirya rumfar zaɓe. A bango an liƙa jerin sunayen masu zaɓe, takardar fara fes, gam ɗin ma bai bushe ba.

"Salamu alaikum," in ji shi.

Ba amsa. Amma ya ji irin shirun da mutane ke yi in suna jira a gama abu su matso.

Ya ajiye akwatin a kan tebur, ya ɗauki hoto, ya dangwala yatsansa a takardar karɓa. Zai fita, idonsa ya faɗa kan jerin. Sunaye ɗari uku da goma sha ɗaya ya sani a rumfar. Akwai na ɗari uku da goma sha biyu a can ƙasa. Nasa ne, har da hotonsa.

Sai da ya hau kwalta ya tsaya ya duba hoton a wayar. Ga akwati, ga tebur. Ta ƙofa kuma, a ƙasan fili, inuwoyi ne a jere, dogon layi har bakin motarsa, ba mutum ko ɗaya a kansu.

Ya isa sito. Jami'ar ta tarye shi da fara'a, riƙe da takarda.

"Kai nake nema. Na'ura ta gano yatsanka. Ashe kai ka karɓi kayan hamsin da takwas wancan karon! Shi ya sa aka mayar da rajistarka can. Rumfar nan abin alfahari ce, kowa ya fito, ba ƙuri'a ɗaya da ta lalace. Mun naɗa ka shugabanta. Ko da matsala?"

Mai Makulli na tsaye a bayanta, ya zuba wa ɗan ƙanwarsa ido. Kalma kaɗan ce za ta fitar da Birki. Amma kalmar tana nufin amsa laifin dangwala wa wasu yatsa sau biyu, wannan kuwa ɗauri ne.

"Ba matsala, ranki ya daɗe," in ji Birki.

Da ta wuce, kawun ya kama hannunsa. "Ɗauri ana fitowa, ɗan nan."

"Wuni ɗaya ne, Kawu. In zauna, in kulle akwati, in dawo. Matattu ai ba sa rigima a layi." Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. Yana ta goga yatsan a wando. Tawadar ta haura har wuyan hannu.

Ranar zaɓe ya fita da safe. Kafin rana ta faɗi aka ga motarsa a ƙofar sito, injin na aiki, ba kowa a ciki, kujerar direba jiƙe sharkaf. Akwatin na baya a kulle. Da aka buɗe, ƙuri'a ɗari uku da goma sha biyu, ba wadda ta lalace.

Mai Makulli ya tafi ofishin jami'ar da ƙafarsa, ya faɗi komai, har da nasa shirun na shekara huɗu. Ta saurare shi da ladabi, ta juyo da kwamfuta ta nuna masa. Kusa da lamba hamsin da takwas akwai koren maki: an kai, an karɓa, an dawo.

"Baba, cire rumfa sai shugabanta ya dangwala yatsa," in ji ta. Ta zaro takarda ta miƙa masa. "Ko za ka kai masa?"

Dattijon ya dubi takardar, ya dubi makullan da ke hannunsa. Ya ajiye su a kan teburinta, ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Zan kai," in ji shi. "Uwarsa na ta tambayata."